Shekara 16 Ana Jiran Muryoyi Biyu: Tarihin Ƙungiyar Jayhawks

A ƙarshen 2010, ana tsakiyar hunturu a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, labari ya fara yawo cewa wasu mutum biyar sun shiga wani sutudiyo mai suna Terrarium suna naɗar sabon faifai. Shigar mawaƙa sutudiyo ba abin magana ba ne a Amurka, kullum ana yi. Abin da ya ɗaga hankalin mutane shi ne su wane ne a ciki. Mark Olson da Gary Louris, waɗanda haɗuwar muryoyinsu ce ta fito da sunan ƙungiyar Jayhawks, rabonsu da yin faifai tare da wannan suna tun 1995. Yaron da aka haifa a shekarar da suka rabu ya kusa gama sakandare. Masoyansu da yawa sun riga sun fid da rai, sun haƙura da tsofaffin fayafayai biyu, Hollywood Town Hall da Tomorrow the Green Grass, da suke ta juyawa. Sai ga shi an ce wannan karon ba wasa ɗaya za a yi a watse ba, sababbin waƙoƙi ake rubutawa. Louris da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa burinsu su yi faifan da ya fi duk wanda ƙungiyar ta taɓa yi. Alkawari ne mai nauyi, domin waɗancan fayafayai biyu ba na wasa ba ne.

Wanda ya tashi da sauraron rediyo a Kaduna ko Kano ko Jos a shekarun 1970 da 1980 ya san kiɗan kantiri, ko da bai riƙe sunansa ba. Muryoyin Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton sun daɗe suna fita daga rediyoyi da kaset-kaset na ƙasar nan. Asalin kiɗan na talakawan karkarar kudancin Amurka ne, manoma da masu haƙar kwal da ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda ke waƙa a kan aiki da bashi da giya da mutuwa da tsoron Allah. A 1927 wani ma'aikacin kamfanin faifai mai suna Ralph Peer ya je garin Bristol, a kan iyakar jihohin Tennessee da Virginia, ya naɗi muryoyin iyalan Carter da ta Jimmie Rodgers. Daga nan aka gane cewa waƙar ƙauye ma tana da kasuwa. Kasuwar ta tare a birnin Nashville, ta yi ta girma, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon yadda ake goge kiɗan ana cire masa ƙura. Zuwa farkon shekarun 1990, Garth Brooks na sayar da fayafayai miliyoyi yana cika filayen ƙwallo, amma ƙanshin ƙauye ya yi ƙaranci a abin da gidajen rediyon kantiri ke sakawa.

Waɗanda suka koma neman wannan ƙanshi ba 'yan ƙauye ba ne. Samarin birni ne da suka tashi da kiɗan rok da na pank mai hayaniya, suka tsinci tsofaffin fayafayan Hank Williams da na iyalan Carter, suka ji cewa gaskiyar da suke nema a cikin hayaniya tana nan a cikin jita ɗaya da murya ɗaya. Akwai wanda ya riga su bin wannan hanya. Gram Parsons ya ja ƙungiyar Byrds zuwa Nashville a 1968 suka yi faifan Sweetheart of the Rodeo, ya kuma rasu a 1973 yana ɗan shekara 26 a wani masauki a Joshua Tree, cikin hamadar Kalifoniya. Mai karatu ya riƙe sunan wannan gari, zai sake fitowa. A 1990 wasu samari daga Belleville ta jihar Illinois, masu kiran kansu Uncle Tupelo, suka fitar da faifan No Depression, wanda suka aro sunansa daga wata tsohuwar waƙa da iyalan Carter suka rera. A 1995 aka kafa mujalla da wannan suna, 'yan jarida kuma suka raɗa wa salon suna alt-kantiri, wato kantirin da ba na Nashville ba. A lokacin da aka yi wannan raɗin suna, Jayhawks sun shekara goma suna wannan kiɗa.

Minneapolis ba garin kantiri ba ne. Can arewa yake, kusa da Kanada, garin sanyi da tafkuna. A tsakiyar shekarun 1980 garin Prince ne, wanda fim ɗinsa Purple Rain na 1984 ya sa duniya ta san gidan rawa na First Avenue. Garin Replacements da Hüsker Dü da Soul Asylum ne kuma, masu kiɗa da ƙarfi da sauri. A cikin wannan hayaniya ne Mark Olson, ɗan garin, ya tara abokai a 1985 don su yi waƙoƙi masu sanyi irin na Gram Parsons. Marc Perlman ya riƙe jitar bas, Norm Rogers ya zauna a kan ganguna. A ɗaya daga cikin wasanninsu na farko mutane 'yan tsiraru ne suka zo, amma a cikinsu akwai wani dogon mutum ɗan asalin Toledo ta jihar Ohio, Gary Louris, wanda ya taɓa kaɗa jita a wata ƙungiya mai suna Safety Last. Bayan an tashi suka yi hira da Olson, ba a daɗe ba ya zama ɗan ƙungiya. Louris ya girmi Olson da shekara shida, kuma halinsu ya sha bamban tun farko. Olson mai son abu ya fito yadda ya zo ne, ko da da ɗan kuskure a ciki. Louris kuwa mai son gini ne, a sa wannan a kan wancan har waƙa ta cika.

Faifansu na farko ya fito a 1986 daga wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Bunkhouse, kwafi 'yan dubbai kawai aka buga, manyan kamfanoni kuma ba su ko waiwaye su ba. A 1988 Louris ya yi mummunan haɗarin mota, ƙungiyar ta tsaya cik. Ana cikin wannan zaman ne kamfanin Twin/Tone na nan garin ya tattara waƙoƙin gwaji da suka tara, aka yi musu kwaskwarima, aka fitar da su a 1989 da sunan Blue Earth. Abin da ya biyo baya shi ne labarin da duk mai ba da tarihinsu ke so. George Drakoulias, furodusa a kamfanin Def American na Rick Rubin, wanda ya yi wa ƙungiyar Black Crowes faifanta na farko, ya buga waya ofishin Twin/Tone a kan wata harka. Yana kan layi sai ya jiyo kiɗa na tashi a can cikin ofishin. Ya tambaya su wane ne waɗannan, aka ce Jayhawks. A 1991 ya ɗauke su. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

To mene ne Drakoulias ya ji ta wayar tarho da har ya tsaya? A nan ne duk labarin yake. Mu a kiɗanmu mun saba da jagora da 'yan amshi: Shata ya ɗauko baiti, 'yan amshi su karɓa, kowa ya san wane ne uban tafiya. Olson da Louris ba haka suke yi ba. Tare suke ɗaukar baiti, tare suke sauke shi, kalma ɗaya a numfashi ɗaya, amma kowa a kan nasa sautin. Muryar Olson tana ƙasa, tana da ɗan kaushi da rawa. Ta Louris tana sama, siririya, mai tsabta. Wani lokaci su yi musaya a tsakiyar layi, na sama ya gangaro, na ƙasa ya hau, har mai sauraro ya kasa cewa ga mai riƙe da asalin karin waƙar. Abin da kunne ke ji ba Olson ba ne, ba kuma Louris ba, wata murya ce ta uku da ba ta da jiki, wadda ba ta samuwa sai su biyun sun tsaya gaban makirfo a lokaci guda. Ko sunayen marubutan waƙoƙin tare ake sa su, Olson da Louris, ba a cika bambance wanda ya kawo wace ba. Wannan murya ta uku ita ce dukiyar ƙungiyar, kuma babu wanda ya mallake ta shi kaɗai. Daga baya wannan ya zama matsala.

Salon ba nasu ba ne, gado ne. A tarihin kantiri 'yan uwan juna ne suka fi iya shi, don muryoyin 'yan gida ɗaya sun fi saurin narkewa cikin juna. Ira da Charlie Louvin sun yi shi a shekarun 1950, Don da Phil Everly suka kai shi kasuwar duniya. Abin lura, ko kuma abin tsoro ga mai son Jayhawks, shi ne yadda waɗannan magabata suka ƙare. 'Yan gidan Louvin sun rabu a 1963 ba da daɗi ba. 'Yan gidan Everly kuwa a kan dandamali suka rabu a 1973, Phil ya rotsa jitarsa ya fice ya bar wansa ya ƙarasa wasan shi kaɗai, kuma sai da aka shekara goma kafin su sake waƙa tare a zauren Royal Albert Hall na Landan a 1983. Da alama irin wannan kusanci na murya yana buƙatar kusancin zama wanda mutum biyu ba su cika jurewa ba, ko da ciki ɗaya suka fito. Olson da Louris kuwa ba su haɗa ko dangi ba.

Faifan Hollywood Town Hall ya fito a 1992. Mai jin sunan zai ɗauka Hollywood ta finafinai ake nufi, alhali wani ɗan ƙaramin zauren taro ne a wata gundumar karkara ta Minnesota mai wannan suna. Hoton bangon faifan ya nuna su huɗu zaune a kan doguwar kujera cikin dusar ƙanƙara, zauren yana bayansu. Drakoulias ya gayyato manyan hannaye su taimaka, ciki har da Benmont Tench na ƙungiyar Tom Petty da Nicky Hopkins wanda ya daɗe yana buga wa Rolling Stones fiyano. Waƙar da ta buɗe faifan, "Waiting for the Sun", ta samu shiga gidajen rediyo, masu sharhi suka yi ta yabo. Amma shekarar ba tasu ba ce. Nirvana ta riga ta juya kunnen samarin Amurka zuwa Seattle, gidajen rediyon kantiri kuma na ganin waɗannan 'yan rok ne. Faifan ya tsaya a lamba ta 192 a jerin fayafayai 200 na mujallar Billboard.

Suka ɗauki Karen Grotberg a kan fiyano, ita ma da muryarta, suka koma sutudiyo da Drakoulias. A Fabrairun 1995 aka fitar da Tomorrow the Green Grass, wanda a ganina shi ne ƙololuwar aikinsu, kuma ɗaya daga cikin fayafayai mafi kyau da wannan salo ya haifar. Waƙar "Blue" da ke farkonsa ita ce inda waccan murya ta uku ta fi fitowa fili: a wurin amshin, Louris yana hawa sama har kamar muryar za ta tsinke, Olson yana riƙe da shi daga ƙasa. Akwai kuma wata waƙa a ciki, "Miss Williams' Guitar", wadda Olson ya yi wa matarsa. Victoria Williams mawaƙiya ce 'yar jihar Louisiana. A 1992 likitoci suka gano tana da cutar MS, mai lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ga shi ba ta da inshorar lafiya, abin da a Amurka kan iya tsiyata mutum. A 1993 mawaƙa irin su Lou Reed da Pearl Jam da Soul Asylum da su Jayhawks ɗin suka haɗu suka rera waƙoƙinta a faifan Sweet Relief don a tara mata kuɗin magani.

An kashe kuɗi sosai a kan Tomorrow the Green Grass, kuma a tsarin kamfanonin faifai na Amurka irin wannan kuɗi bashi ne a kan mawaƙa, daga cinikin faifan ake cirewa kafin su ga ko sisi. Faifan ya kai lamba ta 92. An ci gaba, amma bai kai inda kamfani ke so ba, bai kuma biya bashi ba. Suka ɗauki Tim O'Reagan a kan ganguna, suka shiga rangadi, har suka riƙa buɗe wa Tom Petty wasa. Shekara goma ke nan suna cikin mota daga gari zuwa gari, yabo ya yi yawa, aljihu babu nauyi. A ƙarshen 1995 Olson ya ce ya gaji, ya tafi. Dalilin da aka fi ambata shi ne yana so ya zauna kusa da matarsa marar lafiya, kuma gaskiya ne. Amma duk wanda ya dubi abin da ya yi bayan tafiyarsa zai gane cewa harkar ce gaba ɗaya ta fita daga ransa: manyan sutudiyo, bashin kamfani, da jiran wata waƙa da za ta fashe a rediyo.

Joshua Tree suka koma shi da Victoria, garin da Gram Parsons ya cika. A can suka kafa wata 'yar ƙungiya da wani mai goge, Mike Russell, suka sa mata suna Original Harmony Ridge Creekdippers. A gida suka naɗi faifansu na farko a 1997, ta gidan waya suke aika wa masu saye. Mutumin da shekara biyu kafin nan yake waƙa a gaban dubban mutane ya koma liƙa kan sarki a ambulan, kuma bisa dukkan alamu hakan ya fi masa kwanciyar rai.

Louris kuwa ya riƙe sunan Jayhawks. Wasu masoya ba su yafe masa wannan ba har yau, amma ni ina ganin ba su yi masa adalci ba. Bai nemi wani mai murya irin ta Olson ya dasa a gurbinsa ba. Sai ya juya akalar ƙungiyar. Sound of Lies na 1997 faifai ne mai duhu da baƙin ciki, ya fi kusa da rok irin na Birtaniya fiye da kantiri. Smile na 2000, wanda Bob Ezrin, furodusan The Wall na Pink Floyd, ya yi musu, ya ƙara nisa da gida, har da kiɗan na'ura a ciki. A 2003 suka dawo ga jitar katako da muryoyi a faifan Rainy Day Music tare da furodusa Ethan Johns, ya kai lamba ta 51, sama da duk abin da suka yi da Olson. A waɗannan shekaru O'Reagan ya nuna cewa shi ma mawaƙi ne kuma marubuci, ba makaɗin ganga kawai ba. Duk da haka, a kowace hira sai an tambayi Louris yaushe Olson zai dawo. Wajen 2005 ƙungiyar ta yi shiru. Louris ya shiga rubuta wa wasu waƙa, ciki har da Dixie Chicks a faifansu na 2006.

Shirin Olson da Louris ya zo ne sannu a hankali, ba a rana ɗaya ba. Sun rubuta wata waƙa tare wadda ta fito a faifan Olson na 2002, December's Child. A 2005 da 2006 suka yi rangadi su biyu, suna kauce wa kiran abin da sunan Jayhawks kai tsaye. A daidai wannan lokaci auren Olson da Victoria ya mutu, ya bar gidan hamada ya yi ta yawo a Turai, abin da ya haifi faifansa na 2007, The Salvation Blues. Daga nan su biyun suka yi Ready for the Flood da sunayensu, Chris Robinson na Black Crowes ne furodusa, ya fito a Turai a ƙarshen 2008, a Amurka kuma a farkon 2009. Faifai ne marar ado, jita biyu da murya biyu da ɗan abin da ba a rasa ba, kuma wasu waƙoƙinsa tun farkon shekarun 1990 aka rubuta su. Wanda ya saurare shi ya san cewa muryar nan ta uku ba ta mutu ba. Ta ɗan dushe, shekaru sun hau, amma tana nan.

A Satumbar 2008 aka ga su biyar, Olson da Louris da Perlman da Grotberg da O'Reagan, a kan dandamali ɗaya a bikin kiɗa na Azkena a birnin Vitoria-Gasteiz na Sifaniya, ƙasar da suke da masoya fiye da yadda mutum zai zata. A 2009 suka yi wasa a Barcelona, suka yi wani a gida Minneapolis, kamfanin Sony kuma ya fitar da kundin zaɓaɓɓun waƙoƙinsu mai suna Music from the North Country. A 2010 aka sake buga faifan nan na 1986 da ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa, suka kuma yi dare uku a jere a First Avenue. A Janairun 2011 aka sake fitar da manyan fayafayan nan biyu, aka haɗa da tarin waƙoƙin gwaji da Olson da Louris suka naɗa su biyu a 1992, waɗanda masoya suka daɗe suna musayarsu a ɓoye. Suka bi manyan birane irin su Toronto da New York da Chicago suna kaɗa fayafayan daga farko har ƙarshe. Kowane mataki yana ƙara wa na gaba kwarjini. Kada kuma a ɗauka duk ƙauna ce zalla. Zuwa wannan lokaci intanet ta karya cinikin faifai, mawaƙi ya koma cin abinci daga kuɗin ƙofa, kuma babu abin da ke sayar da tikiti kamar a ce tsofaffin abokai sun shirya. Sunan Jayhawks da Olson a ciki ya fi sunan kowannensu shi kaɗai tsada.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa ɗokin zafi. Masu son wannan salo sun saba da rabuwar da ba ta da gyara. Uncle Tupelo ta watse a 1994, Jay Farrar ya kafa Son Volt, Jeff Tweedy ya kafa Wilco, kuma ba su sake haɗuwa ba. Saboda haka dawowar Jayhawks ta zama kamar an rama wa mutane wani abu da aka ƙwace musu. Sai dai abin da suke jira ba sabon faifai ba ne a haƙiƙa. Faifan da ya kamata ya biyo bayan Tomorrow the Green Grass a 1997 suke jira, wanda masu sauran ƙuruciya za su yi. Waɗanda suka shiga Terrarium kuwa dattawa ne, Louris ya haura 55, Olson yana gab da 50, kowa ya shekara 15 yana yanke hukunci shi kaɗai a kan waƙarsa. Wani abin da ba a cika lura da shi ba ma shi ne, waɗannan biyar da ake kira asalin ƙungiya ba su taɓa yin cikakken faifai tare ba, domin O'Reagan ya shigo ne bayan an gama naɗar na 1995.

Ranar 20 ga Satumba, 2011, kamfanin Rounder ya fitar da Mockingbird Time, waƙoƙi 12, Louris ne furodusa. Ya shiga jerin Billboard a lamba ta 38, matsayin da ƙungiyar ba ta taɓa kaiwa ba. Jiran ya biya a kasuwa ke nan. A kunne fa? Akwai wurare da abin ya zauna daram. "She Walks in So Many Ways" gajeriya ce, mai haske, da za ta iya zama a cikin tsofaffin fayafayan ba tare da an ga bare ba, "Closer to Your Side" ma haka. Amma a waƙoƙi da dama mutum yana iya jin ɗinkin: ga inda Olson ya kawo nasa, ga inda Louris ya ɗora nasa, waƙa ta tafi ta canja hanya ta sake canjawa ba ta isa ko'ina ba. Muryoyin suna haɗuwa, amma rubutun bai haɗu ba. A da ba a iya raba aikin ɗaya da na ɗayan, yanzu kuwa ana iyawa. Faifai ne mai kyau wanda ya yi rashin sa'ar zuwa bayan alkawarin cewa zai fi kowanne.

Suka ɗauki hanya suna rangadi har cikin 2012, a nan ne kuma abin ya lalace. Louris ya faɗa daga baya, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa a wannan lokaci yana fama da jarabar magungunan kashe zafin ciwo, kuma bayan rangadin sai da ya kwanta a cibiyar raba mutane da shaye-shaye. Olson ya sake ficewa, wannan karon da ɗaci. A wata hira a 2014 ya ce ba ya son sake ganin Louris, ba ya kuma son ya riƙa rera waƙoƙinsa. Tafiyar 1995 ta bar ƙofa a buɗe, shi ya sa aka iya jira. Ta 2012 ta rufe ta. Sake haɗuwar da aka yi ta addu'a a kanta ita ce ta kashe abotar da ta rage.

Kowa ya koma inda ya fi wayo. Olson ya auri Ingunn Ringvold, mawaƙiya 'yar ƙasar Norway, suka zauna a hamadar Kalifoniya suna fitar da fayafayai su biyu, farawa da Good-bye Lizelle a 2014. Louris da Perlman da Grotberg da O'Reagan suka ci gaba da sunan Jayhawks. A 2016 suka fitar da Paging Mr. Proust, wanda Peter Buck na ƙungiyar R.E.M. yana cikin furodusoshinsa. Ray Davies na ƙungiyar Kinks ya ɗauke su su kaɗa masa a faifansa Americana na 2017 da wanda ya biyo shi a 2018. A 2020 suka yi XOXO, inda su huɗun kowa ya rubuta kowa ya ja waƙa. Idan aka ƙirga, shekarun da ƙungiyar ta yi babu Olson sun fi waɗanda ta yi da shi yawa, kuma ba ta ji kunya ba a cikinsu.

Mai karatu da bai taɓa jin su ba, kada ya fara da Mockingbird Time don an ce shi ya fi hawa jerin kasuwa. Ya nemi Tomorrow the Green Grass na 1995, ya bi da Hollywood Town Hall. In yana son jin yadda mutanen biyu suka kasance bayan sun manyanta, Ready for the Flood ya fi faifan sake haɗuwar gaskiya, domin an yi shi ne ba tare da nauyin sunan ƙungiya a kansa ba. Tun daga 2011 Olson da Louris ba su sake fitar da faifai tare ba.